Abin da ya ci Doma: yadda birnin Gombe ke haɗiye ƙauyukan da ya tarar

Duk sanda katafila ta shiga wata unguwa a bakin garin Gombe, ko hukumar filaye ta yi shelar a kawo takardu a tantance, musu guda ne ke tashi a majalisu da shirye-shiryen kiran waya na rediyo: wa ya tarar da wani? Jami'in gwamnati zai ce an yi gini cikin birni ba da izini ba. Dattijon wurin zai ce shi bai taɓa ƙaura zuwa birni ba, yana zaune a gonar ubansa birnin ya taso ya same shi. Na uku, wanda ya tara kuɗin shekara da shekaru ya sayi fuloti, zai zaro takarda mai sa hannun mai unguwa da shaidu, ya ce to shi kuma mene ne laifinsa? Abin da ke dagula lissafin shi ne, sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Ma'auninsu ne ya bambanta.

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Doma da Awe na karin maganar suna can jihar Nasarawa, amma mu ma a nan muna da tamu Doman, kuma an cinye ta tas, domin a wurinta aka kafa garin Gombe na yau. Wanda ya fahimci abin da ya faru da ita zai gane abin da ke faruwa yanzu a Tumfure da Liji da sauran ƙauyukan da gari ya cim ma.

Kufai, kango, da abin da ba mu raɗa wa suna ba

Kufai shi ne wurin da aka taɓa yin gari aka tashi. Wanda ya saba da daji yana gane shi daga nesa: kukoki a cure wuri guda, tsingaro a cikin kunya, dutsen niƙa da garma ke tonowa, rijiyar da ta rufta, ramukan marina, wani lokacin da ɗan tudu mai zagaye inda ganuwa ta narke. Manoma na son kufai, don ƙasarsa ta sha toka da taki na shekaru. Kango kuwa gida ne guda da aka bari, ko da a tsakiyar gari yake.

Akwai hali na uku da ba shi da takamaiman suna, sai dai mu ce "gari ya ci shi" ko "ya shige gari". A nan mutane ke ruɗewa. Idan aka ce ƙauye kaza ya mutu, sai wani ya ce ina mutuwa a wurin da gidaje suka ninka goma, aka kawo kwalta da falwaya? Amma ƙauye ba gidaje ne kaɗai ba. Gidajen ne tare da gonakin da ke kewaye da su, da saurar da ake bari ta huta, da dajin itace da kiwo, da fadamar rani, da mai garin da ke nuna wa baƙo inda zai sare. Idan gonakin suka tafi, ƙauyen ya tafi, ko da masallacinsa na nan ana cika sahu. Bambancinsa da kufai kawai shi ne, a kufai mutanen ne suka bar ƙasar, a nan kuwa ƙasar ce ta bar mutanen suna zaune.

Sarauta ɗaya, mazauni uku

Masarautar Gombe na ƙirga kafuwarta daga 1804, zamanin da Modibbo Bubayero, almajirin Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya jagoranci jihadi a ƙasar kogin Gongola. Mazauninsa shi ne Gombe Abba, kusa da kogin, a cikin ƙaramar hukumar Dukku ta yanzu. A can ya rasu a 1841, a can hubbarensa yake, a can kuma 'ya'yansa da jikokinsa suka ci gaba da sarauta har zuwan Turawa a 1902. Gombe ta asali ke nan, wadda yawancin matasan da aka haifa a Jekadafari ko Herwagana ba su taɓa takawa ba.

A wannan tsakanin ne aka yi kufai mafi shahara a wannan ƙasa, wato Burmi, kusa da Bajoga. Gari ne mai ganuwa da Malam Jibril Gaini ya mayar cibiyarsa a ƙarshen ƙarni na 19. A nan sojojin Ingila suka cim ma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a hanyarsa ta hijira zuwa gabas, aka gwabza ranar 27 ga Yuli 1903, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, aka ƙone garin. Waɗanda suka tsira da dama suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ƙasar Sudan. Burmi mutuwar rana ɗaya ta yi.

Ta Gombe Abba kuwa a hankali ta zo, kuma da alƙalami. A 1913 Turawa suka mayar da hedkwata Nafada, wadda ita ma a bakin Gongola take, kuma a lokacin tana da amfani gare su saboda kayan da ake haurowa da su ta ruwa daga Binuwai idan kogi ya cika da damina. Ba a daɗe ba lissafin ya sake. Jirgin ƙasa ya riga ya isa Kano tun 1911, ya kai Bukuru a 1914, hanyar ruwa ta fara rasa kasuwa. Ga shi kuma Turawan na son mazauni a tsakiya, inda jami'insu zai iya kai wa ƙasar Tangale da Waja a kudu ba tare da doguwar tafiya a kan doki ba. A 1919 aka sake ɗaukar sarki da fadawansa da alƙalinsa da baitulmalinsa aka sauke su a wani ƙaramin wuri da ake kira Doma. Sarki Umaru, wanda ya yi mulki daga 1898 zuwa 1922, shi ya yi ƙaurar duka biyu.

Da farko ana cewa Gombe Doma. Sannu a hankali Doma ta faɗi daga bakin mutane, aka bar Gombe zalla, tsohuwar kuma sai an haɗa mata da Abba kafin a san wadda ake nufi. Ku dubi yadda rabon ya kasance. Gombe Abba ta rasa sarki da kasuwa da jama'a, amma har gobe gari ce mai sunanta da gonakinta, mazaɓa ce guda a Dukku. Doma ita ta samu sarkin da duk abin da ke bin sarki, ita ce kuma ta ɓace a cikinsa. Yau idan ka ce Doma a gaban yaro ɗan Gombe, abin da zai fara zuwa masa shi ne Doma United, ƙungiyar ƙwallon da ta hau babbar gasar ƙasa a 2022, wadda ke wasanta a filin Pantami. Pantamin ma da ƙauye ce.

Maƙwabtanmu na Bauchi sun san irin wannan. Malam Yakubu ya zauna a Inkil kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809, asalinsa kuma Tirwun ne. Dukansu biyu yanzu gari ya kai musu. Sarki Ibrahim ya mayar da mazauni Rauta a 1877, magajinsa Usman ya dawo da shi Bauchi, Rauta ta koma ƙauye.

Me ya kumbura garin?

Shekarun farko Gombe garin En'e ce: fada, kotu, gidan yari, barikin Turawa, kasuwa. Auduga ce ta fara buɗe mata ciki. Bayan yaƙin duniya na biyu, manoma daga Kano da Barno da wasu wurare suka yi ta kwararowa suna sare dajin kudancin masarautar, wajen Akko da Kumo da Yamaltu, suna noman auduga da gyaɗa da dawa. A shekarun 1950 aka kafa injin gurzar auduga, shi ya sa har yau muke da unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin Turawan da ke harkar. Jirgin ƙasa ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, ya zo da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu.

Duk da haka garin bai fi ƙarfin ƙauyukan gefensa ba sai bayan ranar 1 ga Oktoba 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga Bauchi. Dare ɗaya aka wayi gari ana neman gidan gwamnati, sakatariya, majalisa, babbar kotu, gidajen kwamishinoni, da ɗakin haya ga dubban ma'aikatan da aka dawo da su daga Bauchi. Jami'ar jiha ta biyo baya a 2004, sai filin jirgin sama a Lawanti. Daga baya rikicin Boko Haram ya turo jama'a daga Barno da Yobe da Adamawa, masu ƙarfi suka sayi filaye, marasa ƙarfi suka raɓa a gefen gari inda haya ke da sauƙi, da yawansu kuma ba su koma ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙaramar hukumar Gombe 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce murabba'in kilomita 52 ba, amma ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 260,000 a cikinta. Tulu ya cika, dole ruwa ya zuba waje, wajen kuwa ƙasar Akko ce da Yamaltu/Deba da Kwami. Sunayen unguwanni kansu shaida ne. Duk inda ka ji Wuro kaza a cikin gari, ka san da rugar wani ce ko ɗan ƙauyensa, don ma'anar kalmar ke nan da Fulatanci.

Yadda gona ke komawa fuloti

Ba a haɗiye ƙauye da loma ɗaya. Abin kan fara ne da hanya, ko wata ma'aikata da aka kafa kusa. Sai dillalai su fara zuwa da yamma a kan babur, su gaida dattawa, su tambayi gonar wane ce waccan ta bakin titi. Wanda ya fara sayarwa yawanci mai larura ne: aurar da 'ya, asibiti, bashi, ko kujerar Makka. Kuɗin da aka ba shi ya fi abin da gonar za ta ba shi a damina da yawa, don haka ba wauta ya yi ba, ko da yake bayan shekara biyar zai ji an sayar da kusurwa ɗaya ta gonar a kan abin da ya ninka nasa.

Daga nan sai abin da ake kira awon igiya. Mai gona da dillali su ja igiya su yanka fili ƙafa 50 da 100, su kafa bulo a kusurwa huɗu. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, irin wannan fulotin kuma kusan 465, wato hekta na ba da 21 idan ba a bar hanya ko ɗaya ba. Kowane layi da aka bari, fuloti ne aka yafe. Wannan lissafin shi ya haifi lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, da unguwannin da ba su da filin makaranta ko maƙabarta ko magudanar ruwa. Ba mugunta ba ce. Babu wanda zai bar rabon marayun gidansu ya zama titi don amfanin mutanen da bai ma san su ba.

Sai kuma gado ya motsa. Gonar gandu da aka bari a hannun babban wa shekara talatin ba wanda ya tanka, ranar da ta zama kuɗi kowa zai tuna da rabonsa. Ƙannen da ke Legas zai bugo waya. 'Yan'uwa mata da a da suka bar nasu don kunya, ana aika musu da ɗan buhun dawa da kaka, za su ce a raba, kuma haƙƙinsu ne da Allah Ya ba su, duk mai zaginsu a kan haka bai da hujja. Wanda aka ba aron gona tun zamanin kakanni zai ce tasa ce. A gaban alƙali a nan ake jin kalmar hauzi: a fiƙihun Malikiyya, wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana amfani da ita a gaban idon mai da'awa bai yi magana ba, da'awar na iya faɗuwa, tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Amma idan an tabbatar aro ne ko jingina ko haya, daɗewa ba ta mayar da ita mallaka. Matsalar ita ce shaidun aron duk suna ƙarƙashin ƙasa.

Mai unguwa ma aikinsa ya juya. Da shi ke ba baƙo wurin noma, yanzu shi ke sa hannu a takardar ciniki ana ba shi ɗan abin goro. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu da ke hana a sayar da fili sau biyu, akwai kuma waɗanda hannunsu ke kan takardu uku na fuloti ɗaya.

Abin da doka ta ce, wanda ba a cika faɗa wa manomi ba

A nan ne mafi yawan rashin fahimtar yake, don haka bari a tsaya a kai.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an sha wuya, ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, Turawa sun yi irinta tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta a 1962. A idon doka, ba wanda ya mallaki ƙasa ita kanta. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma takardar da muke kira satifiket shaidar wannan haƙƙin ce.

Dokar ta raba ƙasa gida biyu, ta birni da wadda ba ta birni ba. Ta birni tana hannun gwamna kai tsaye, ɗayar kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin gargajiya a kanta. Wa ke cewa nan birni ne? Gwamna, ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati. Ke nan ƙauye na iya kwana ƙauye ya tashi birni a takarda, masu shi suna can suna banƙasa ba su ji ba. Wannan ita ce amsar musun da muka fara da shi. Dattijon ya yi gaskiya, bai je ko'ina ba. Jami'in ma ya yi gaskiya, layin ya riga ya tsallake gidan dattijon.

Akwai sassa biyu da suka fi cizo. Sashe na 36 ya amince cewa wanda ke noma gonarsa a karkara kafin dokar zai ci gaba da riƙe ta kamar an ba shi haƙƙin gargajiya, amma ya hana a yanka irin wannan ƙasa fuloti-fuloti ko a miƙa ta ga wani. Sashe na 22 kuma ya ce wanda ke da haƙƙi daga gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamnan. Idan aka bi waɗannan da tsauri, yawancin cinikin da aka gina sababbin unguwanninmu a kai ba shi da ƙafar tsayawa. An dai daɗe ana kau da kai ne, domin gwamnatoci ba su yanka filaye da saurin da jama'a ke buƙata ba.

Sai batun diyya. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe ƙasa don amfanin jama'a, na 29 kuma ya faɗi abin da za a biya: gini, shuka, itatuwan amfani, rijiya, da makamantan abin da hannu ya aza a kan ƙasar. Ƙasar ita kanta ba a biyan ta. Wannan ne ya sa manomi ke ganin an zo an ƙirga masa mangwaro da kuka da ɗorawa, an auna geron da ke tsaye, an ba shi abin da ba zai saya masa fuloti ɗaya ba a cikin gonar tasa bayan an yanka. Shi yana lissafi da farashin dillali, jami'i yana lissafi da jadawalin ofis. Kuma wannan ne babban dalilin da ke sa mutanen ƙauye rige-rigen sayarwa da zarar sun ji ƙishin-ƙishin gwamnati na tafe: gara a yi awon igiya yau a karɓi kuɗin kasuwa da a jira a karɓi kuɗin bishiya. A ganina, dokar da aka yi don a hana cin ƙasa barkatai ita ce ke ingiza shi a bakin gari. Inda aka samu sauƙi shi ne wuraren da hukuma ta yanka fili ta mayar wa masu gona wani kaso na fulotan, maimakon ta sallame su da kuɗin amfanin gona kaɗai.

Hujjar kowane ɓangare

Gwamnati na cewa babban birnin jiha ba zai yiwu ya tashi kamar sansani ba, kuma gyara bayan an gina ya fi tsada nesa ba kusa ba, don sai an rushe an biya. Wannan gaskiya ne. Dalilin kafa GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Gombe, a zamanin Gwamna Inuwa Yahaya ke nan, a mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, a san na wane ne, a toshe sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, fili mai rajista fili ne mai biyan kuɗin ƙasa duk shekara, jiha kuma na neman kuɗin shiga.

'Yan asalin wurin na cewa an karɓe musu sana'a ba a ba su wata ba. Mutumin da ya kai hamsin bai iya komai ba sai noma da kiwo, idan kuɗin gonar ya ƙare, sai ka gan shi yana gadi a ƙofar gidan da aka gina inda yake shuka gyaɗa. 'Ya'yansa su koma acaɓa, lebura, ko su ma su zama 'yan kamashon fili. Waɗanda suka yi dabara suka sayi wata gonar can nesa, ko suka gina ɗakunan haya, sun tsira, har wasu sun yi arziƙin da iyayensu ba su yi mafarki ba. Ba kowa ne ya yi asara ba, kuma duk mai ba da labarin kamar kowa kuka yake yi bai zauna da su ba.

Mai saye kuma na cewa ina zai je? Filin gwamnati ba ya isa ga wanda ba shi da hanya, haya na cin rabin albashi.

Wanda ba a ko gayyata zaman ba shi ne makiyayi. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ba ya cikin takardar kowa, shi ake fara toshewa da katanga.

Inda abin ke komowa kan kowa

Wanda ke zaune a tsakiyar gari na iya cewa wannan matsalar mutanen gefe ce. Damina ke ba shi amsa. Gombe a cikin kwari take, tudu na yamma wajen hanyar Bauchi, ƙasar kuma yashi-yashi ce mai saurin zaizaya. Gonakin da ke kan tudun da su ke shanye ruwan sama. Da aka rufe su da kwano da siminti, ba a kuma bar magudana ba, ruwan sai ya taru ya gangaro da ƙarfi ya bi ta cikin unguwanni. Kwarurrukan da suka ci gidaje a wajen Malam Inna da Kagarawal da kewayen kwalejin ilimi ta tarayya, har sai da aka nemo kuɗin Bankin Duniya don ɗaure su, da wannan suke girma. Manya ba su manta ambaliyar 2004 ba. Masu ɗibar yashi a cikin kwarin don buga bulon sababbin gidajen suna ƙara wa wutar fetur.

Ruwan sha kuma akasin haka ne. A kan tudun yamma ruwan ƙasa na da nisa ƙwarai, haƙa rijiyar burtsatse sai mai hali, bututun da ke kawo ruwa daga madatsar Dadin Kowa kuma bai bi gari da saurin da garin ke gudu ba. Ƙauyen da rijiya biyu ke isarsa ya koma unguwar da ke jiran tanka da 'yan garuwa.

Akwai kuma rikicin iyaka da ke cin mutane a ɓoye. Mazaunin Tumfure a Gombe yake aiki, a Gombe yake cefane, idan an tambaye shi a tasha zai ce shi ɗan Gombe ne, amma a takarda ɗan Akko ne, hedkwatar ƙaramar hukumarsa na Kumo. Kwashe sharar unguwarsa, makarantar firamaren 'ya'yansa, ɗakin shan maganinsa, duk nauyin hukumar da ke da ɗimbin ƙauyuka ne a wuyanta, wadda ba a tsara ta don riƙon birni ba. Takardar shaidar asali ma a nan take zama abin faɗa, tsakanin wanda kakansa ya sare wurin da wanda ya zo shekara ashirin da suka wuce ya haifi 'ya'yansa duka a nan.

Tsofaffin maƙabartun ƙauye su ne abin da ya fi taɓa ni. Ba su da katanga, ba su da takarda, kowa dai ya san daga kukar can zuwa tsamiyar can makwanci ne. Idan waɗanda suka sani suka ƙare, sai mai haƙa harsashin gini ya ci karo da abin da bai zata ba.

Waɗanda ke kan layi

Ga mai shirin sayen fili a bakin gari, tambayoyin da suka fi farashi muhimmanci su ne: wurin ya shiga cikin shatar birni ko bai shiga ba, hukuma ta amince da yankan ko awon igiya ne, an raba gadon gonar ko ɗaya daga cikin magada ne ke gaban kansa, kuma ina ruwa ke bi da damina. Wannan ta ƙarshe maƙwabta za su faɗa maka kyauta, dillali ba zai faɗa ba. Ga mutanen ƙauyen da garin bai ƙaraso ba tukuna, abin da ke hannunsu shi ne su zauna tun yanzu su ware hanya da maƙabarta da filin makaranta da burtali, su kai a rubuta, kafin kowace taku ta zama kuɗi. Bayan dillali na farko ya sha ruwa a zauren mai gari, wannan zaman ba ya yiwuwa.

Wanda ya bi hanyar Bauchi da damina, daga Tumfure ya nufi Lawanti, zai ga yadda abin ke tafiya da idonsa. Gero ya yi kore shar, amma idan ka duba ƙasa za ka hangi bulo a kafe nan da can cikin kunya, wani an shafa masa jan fenti da lambar waya. An riga an sayar. Tsohon mai gonar ne ke nomawa da izinin sabon mai shi, bisa sharaɗin ranar da tifa ta sauke yashi zai cire hannunsa, ko da geron bai nuna ba.